Batirin keken mijina ya kumbura, kuma a ɗakin yarana yake caji

Assalamu alaikum admin, a sakaya sunana. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan hankalina ba a kwance yake ba.

Ni matar aure ce a nan Garwa ta Kamaru, yarana biyu mata. Maigidana busasshen kifi yake karɓa daga mutanen Lagdo ya rarraba wa masu abinci cikin gari. Da moto, wato babur, yake yawon, sai man zuwa-zuwa, fetur ɗin 'yan bumburutu, ya yi tsadar da kullum wahalar banza yake, ya sayar da moton ya sa aka kawo masa keke mai caji daga Najeriya. Gaskiya mun ji daɗinsa, ba mai ba hayaƙi, shi kuwa gogan naku har wani ɗaga kai yake idan ya wuce 'yan moto suna layin mai.

Da zafin bana ya shigo cajar ta ƙone, wani mai gyaran waya ya haɗa masa wata. Tun daga nan batirin yake ɗaukar zafi, ba ka iya ɗora hannu. Kun san yadda muke naɗe jarkar ruwa da jiƙaƙƙen buhu don ya yi sanyi? To haka bawan Allahn nan yake wa batirin, ya jiƙa buhu sharkaf ya naɗe shi sannan ya jona. Kuma a ɗakin yara, wai nan ne soket ɗin bai lalace ba, tsakar gida kuma ɓarayi. Kuran ɗin unguwarmu, wato wutar lantarki, da rana ake kawowa, daidai lokacin da yaran suke kwance bayan makaranta.

Makon jiya na ga gefensa ya kumbura kamar burodi, yana wani wari mai zaƙi-zaƙi. Na ɗauki hoto na nuna wa wani mai gyaran irin keken a ɓoye. Mutumin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hajiya, wannan in ya kama ruwa ba ya kashe shi. Kar ki bar yaro kusa."

Na faɗa wa maigidan nawa, Baban Hanifa, ya hau ni da faɗa, wai mai gyara sabo yake so ya sayar masa, wai na kai sirrin gidansa kasuwa, ni da ban san komai ba sai tukunya. Na ce to zan riƙa kai yaran maƙwabta, ya ce ba zai zama abin nuni a unguwa ba, yaransa ba inda za su. Na san tsoro ne yake cinsa, don in batirin nan ya tafi sana'arsa ta tsaya, kuma duk dangi sun hana shi sayen keken bai ji ba. Ina tausayinsa wallahi, amma tsorona ya fi.

Ɗazu ƙaramar ta fito ta ce min, "Mama, abin Baba yana numfashi." Na shiga na tarar yana huci a hankali, alhali ko jona shi ba a yi ba. Na jawo shi da tabarma na kai bayan gida.

Shin in kwashi yarana mu tafi Gider wajen mahaifiyata ba da izininsa ba, ko in kira yayansa duk da ya rantse in na kai ƙararsa a bakin aurena? Ku taimaka ku amsa da wuri, bayan la'asar zai dawo, kuma na san ɗakin zai mayar da shi.