Kaset ɗin da Baba ya shanya

Asabar da dare, Funtuwa.

Na kai kaset ɗin bikin ƙanwata wurin Malam Sule mai gyaran talabijin. Daidai inda marigayiya Mama take rawa da matan zumunta, gilashin ya yi baƙi ƙirin, sai murya kawai. Ya goge cikin bidiyon, a banza.

Ya ce, "Malama, wannan ya sha rana. Ba ya gyaruwa."

Ashe Baba ne ya ji kaset ɗin ya yi sanyi da damina, ya shanya shi tare da masara. Ba mu da hotonta ko ɗaya sai wannan. Wa zan yi wa faɗa?

Ɗazu ya ce in kunna masa. Ya zauna gaban baƙin gilashi yana jin dariyarta, yana cewa, "Ga ta nan."