Ƙahon da Ba a Yi wa Adda Ba

Daren Laraba, Jimeta

Yau Bappa ya zo daga Mbamba da wanzami, wai a yi wa yayata Adda Mairo ƙaho a baya, a zuƙe mataccen jinin da ke tare mata numfashi. Tun da ciwon lupus ya sa gudan jini ya toshe mata jijiyar huhu take shan maganin tsinka jini, likita kuma ya hana a tsaga ta. Amma wa zai musa wa Bappa? Goggo ta sunkuyar da kai, ni ma haka.

Adda ce ta lallaɓo, ta durƙusa tana haki, ta kwance tsumman da ke yatsarta. "Bappa, wuƙar albasa ce ta ɗan yanke ni da safe. Duba, har yanzu jinin bai tsaya ba. To ina ga aska?"

Ya daɗe yana kallon yatsar. Can ya cire hula, ya ce wa wanzamin, "Tunda ka zo, yi mini aski."

Yanzu tana barci a jingine. Numfashinta bai kai rabin nawa ba, amma ita ce ta yi magana.