Yaya Bulus, Sunanka Yana Nan a Kwamfuta

Zuwa ga yayana Bulus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana hutawa a inda kake. Mu a Barnawa lafiya, sai kewa.

Maganar kwamfutarka ce ta falo, wadda nake buga wa mutane takardu da ita tun rasuwarka. Da matarka Saratu za ta koma Mahuta, ta roƙe ni faifan ajiya na biyu, mai hotunan yara. Na kwance na ba ta. Ina kunnawa sai baƙin allo, wai ba ta ga faifan da take nema ba. Ga aikin mutane a ciki.

Na ɗauke ta a keke zuwa Sabon Tasha, wurin abokinka Emeka mai gyara. Ya ce ashe tsari biyu ka sa mata, nawa a faifan farko, naka a wanda na cire, kuma naka take fara nema. Ya sa filashi ya juya ta. Yanzu in an kunna, sunaye biyu ke fitowa, Rahila da Bulus, ta ɗan ƙirga, sai ta shiga nawa da kanta. Ya ce bari ya goge naka tunda babu komai a bayansa. Na ce ya bari.

Ranar Lahadi na dawo daga coci da rana tsaka, na tarar da kwamfutar a kunne. Alamar zaɓi tana kan sunanka, ƙirgar ta tsaya cak. Na kira Emeka. Ya ce dawowar wuta kan iya kunna ta, amma ƙirgar ba ta tsayawa sai an danna maɓalli.

Mama kaɗai na bari a gida, kuma ka san ƙafafunta, ba ta ko iya fitowa falo. Na tambaye ta. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Na ji an ja kujera a siminti, irin jan da nake yi wa Bulus faɗa a kai."

Na koma na duba. Kujerar a jaye take.

Tun ranar a kan benci nake aiki. Mama ta hana a goge sunan, ta hana a mayar da kujerar.

Yaya, kai ka goye ni zuwa makaranta lokacin da na karye. Ban taɓa jin tsoronka ba, don Allah kada in fara yanzu.

Ubangiji ya ba ka cikakken hutu, mu kuma ya kwantar mana da hankali. Amin.

Ƙanwarka,
Rahila