Safa a Bayan Jaka

Daren Talata, Naraguta.

Ya shugabannin wannan tattaki masu girma, ko da yake ba za ku karanta wannan ba, ina gaishe ku da ladabi.

Ni Dauda, mai riƙe tuta a gaba, na rubuta da hannuna cewa yau na kusa rasa matsayina. Jiya na wanke safata duka na shanya, sanyin Jos ya hana ta bushewa. Na saka ta da danshi. Kafin azahar ƙafata ta yi bororo, na fara ɗingishi. Shugaba ya ce in haka ta ci gaba, gobe mota zan shiga, a ba wani tutar. Ni da na koyi rubutu a ajin da muke nema wa kuɗin rufi!

Mama Ngozi, mai shago a Kabong da ke cikin tattakin tare da mu, ta zaunar da ni. Ta ce, "Oga Dauda, cire takalmi. Ƙafa bai san babban mutum ba." Ta shafa mini man kaɗanya, ta ara mini busasshiyar safa, ta maƙala jiƙaƙƙiyar a bayan jakata don ta sha rana ina tafiya.

Na ce, "Mama, mai tuta guda, safa na reto a bayansa?"

Ta ce, "To shiga mota."

Ban shiga ba. Samari sun yi dariya, amma safa ta bushe, ɗingishi ya ragu. Da yamma shugaba ya duba ƙafar, ya ce gobe ma ni ne a gaba.

An yi wannan a gaban Mama Ngozi, da Bitrus direba, da Malam Sale mai raba ruwa.