Lauwali Ba Ya Shan Nono

Wurno, watan Rajab, 1952

Zuwa ga Yaya Hamidu, rugarmu ta Gandi.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya ƙafar Inna Hawwa, yaya shanu? Mu nan lafiya, aikin allurar dabbobi na En'e da godiya. Malam Mode da zai karanta maka takardar nan, ina roƙonsa kada ya tausasa mini ko kalma ɗaya.

Bayan haka, tun da matata Safara'u ta kai yaronmu wurin Inna don yaye, ba ta da aiki sai kuka a ɗaka. Ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta ta buɗe baki a kansa gaban surukai. Ni ma al'ada ta ce in kawar da kai kamar ban san shi ba. To, ba zan kawar ba. Yaron nan ba ya shan nonon saniya, kuma ba shagwaɓa ba ce. Ko rabin ludayi ya sha sai borin jini ya rufe shi, leɓe ya kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Kindirmo da man shanu duk ɗaya ne. Malamin asibitin mishan ya duba shi, ya ce babu allura, maganin kawai a raba shi da nono. Ku ba shi kunun gero, ku dama mashi fura da ruwa.

Na ji abin da ka faɗa a kasuwar Gandi, wai Bafillacen da ba ya shan nono a binciki ubansa. Na haɗiye don darajar Inna, amma ban manta ba.

A gai da kowa. Ƙaninka, Manu.

Wurno, watan Sha'aban

Zuwa ga Yaya Hamidu.

Gaisuwa, da fatan Inna tana lafiya. Amsarka ta iso, na karanta ta a tsaye don zama bai yiwu ba.

Ka ce littafin addinin Kirista da nake karantawa ne ya kori albarkar nono daga gidana. I, ina karantawa, ban ɓoye ba. Malamin asibitin ne ya ba ni, ni kuma ina son in san mi mutumin da na miƙa wa ɗana yake bi. Akwai inda na karanta na ce a'a, wannan ban yarda ba, na gaya mashi a gabansa, bai ji haushi ba. Akwai inda anka yi zancen tausayin marasa lafiya, wannan kam ya shiga raina. Sallata ban fasa ba, ka tambayi limamin unguwarmu. Kuma yaron ya fara kumburi tun ban taɓa ganin bangon littafin ba. Kai da ba ka raba alif da sandar kiwo, yau kai ne mai yanke wa imanina hukunci?

Abin da ya hana ni sukuni shi ne labarin da anka kawo mini, wai za ku wanke rubutu da madara ku yi mashi ɗura, don jinin Fulani ya farka. Yaya, na haɗa ka da Allah. Ku wanke da ruwa, ya sha ƙwarya guda, ban hana ba. Tsoro nake ji, kuma ban jin kunyar faɗa.

Ƙaninka, Manu.

Wurno, watan Azumi

Hamidu,

Ina gaida Inna, ina tambayar ƙafarta. Kai kuwa ka san yadda munka rabu.

Ka ce wa mutane na shigo ruga kamar ɓarawo na ɗauke yaro. Ka gaya masu yadda na iske shi? Kai ka danne ƙafafunsa, Inna na kuka tana riƙe da ƙwarya, madara na fita ta hancinsa. Idanunsa sun rufe don kumburi. Na goya shi a kan keke har asibitin mishan na Rabah, ina jin ƙirjinsa na kukan busa a bayana, ina kiran sunansa da ƙarfi kowa na ji. Lauwali. Ka ji na rubuta ma. Kunyar da za ta sa in binne shi na bar maka ita.

Ya rayu, ba don dabararka ba. Yana shan kununsa, amma ko farar ƙwarya ya hango sai ya ruga bayan uwarsa.

Ka aiko cewa in ƙona littafin in mai da yaron, ko kuwa ku cire rabonsa daga garke. Littafin takarda ne, ban gama ba, in na gama zan mayar wa mai shi. Lauwali kuwa ba ya sake kwana inda kake. Karsanar da kunka ba shi ran suna, ka riƙe ta. Ka tatsa ka sha, shi ba ta yi mashi komi ba sai neman ransa, kuma ko ita ba da ganganci ta yi ba.

Allah ya ba Inna lafiya. Uban Lauwali, Manu.