Takalman da Baba ya sa aka ɗinka masa

Zuwa ga Yayana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan kowa lafiya lau. Umma ta warware daga murar da ta yi, har ta koma yi mana faɗa a kan wanke-wanke. Baba ne kawai hankalina bai kwanta da shi ba, kuma dalilin wannan wasiƙa ke nan.

Takalman kanti da ka aiko masa don walimar ajiye aikinsa sun iso. Baƙaƙe ne masu ƙyalli da siririn baki, lambarsa daidai kamar yadda ka sani. Ya yaba, ya sa maka albarka, sannan ya mayar da su kwali. Kwana kaɗan sai ga shi ya shigo da wasu a leda, wai ɗinkin hannu ne daga tsohon nan mai shago a bayan tasha. Baba ya ce na kanti an yi su ne don ƙafar kowa, shi kuwa ɗinki ƙafar mutum yake bi. Ka san Baba da son gayu, yaushe ya taɓa zaɓar takalmi mai faɗin baki kamar kwale-kwale? Tun nan na fara zargi.

Ranar da na ɗauki na ɗinkin zan goga musu mai, na zura hannu a na dama, na ji an cika cikinsa da fata mai kauri. Na hagu kuwa fili ne, har hannuna yana juyawa. Daga waje girmansu ɗaya. Na je shagon da niyyar masifa, a zatona tsohon ya cuce shi. Na same shi yana jan zare da kakin zuma, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce abin da aka ce ya yi shi ya yi: a ɗinka duka biyun a kan awon ƙafar hagu, a cike na daman don kada a ga bambanci. Da na tambaye shi me ya sami ƙafar hagun, sai ya ce shi ɗinki ya iya, in tambayi mai ƙafar.

Yaya, tsoro nake ji. Ina ganin ƙafar ta kumbura ne yake ɓoye mana. Yanzu safa ba ta fita daga ƙafarsa ko ana zafi, alwala ma a ɗaki yake yi. Na yi masa zancen asibiti, ya ce in bar karanta abin da ba a rubuta ba. Umma ma ina zargin ta san abin da ake ciki.

Na san ya turo maka hoto sanye da takalmanka, ka ji daɗi. Ka ƙara girman hoton ka duba. A zaune yake, kuma ya take bayan na hagun ne, don ƙafar ba ta shiga ba. Ka kira shi, kada ka tambaye shi takalmi, ka ce ya cire safa ya nuna maka. Kai kaɗai yake jin nauyi.

Ka gaida Anti da yara, musamman Takwaran Baba. Umma da Gwaggo suna gaishe ka.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Auta