Hular Sadisu Ta Hau Ƙusa

Zuwa ga aminiyata Yagana,

Assalamu alaikum, baiwata. Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya ƙara haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. To da kina raye ma karantawa za ki yi? Ke da muka shiga ajin yaƙi da jahilci tare, kika ƙare kina riƙe alli kamar muciya. Ni ce na fito da boko, Bafulatana gaban Babarbariya kamar kullum. Don haka ki saurara. Shiru dai sana'arki ce tun kina duniya.

Unguwarmu Yindiski tana nan yadda kika bar ta. Tireloli na ta gurnani a titi, keke napep sun fi kaji yawa. Kaskon turarenki yana wurina, ban ba kowa ba. Ladi Barkono haƙoranta sun fara zubewa, amma faɗa bai ragu ba, sai ma feshin yawu da ya ƙaru. Asabe tana nan da tsoronta, ko tsallaka titi za ta yi sai ta karance duk addu'ar da ta sani.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Ƙarar masu yabonki na kawo miki. Tun a zaman makokinki suka fara. Kowa ya zauna sai ya ce Allah sarki Yagana, baiwar Allah mai haƙuri, ba a taɓa jin muryarta a waje ba, ba kamar wasu ba. In an zo kan wasun nan sai idanu su juyo kaina da kan Ladi. Yanzu har maza sun haddace. Mace ta buɗe baki kan abin da ya dame ta, sai a ce ta yi koyi da marigayiya Yagana, wadda ta gyara unguwa ba tare da hayaniya ba. Kin ji fa? Sun ɗauki shirunki sun murɗa bulala da shi suna tsula mana. Yaushe kika zama tasu? Ni da na ci tuwo ƙwarya ɗaya da ke na san shirunki irin na ƙaya ne a cikin yashi, sai an taka ake sanin tana nan.

Tunda sun manta, bari in tuna musu ta hanyarki. Kin tuna Kulu, matar Idi direba, ta gidan da ke bayan naku? Naƙuda ta tsananta mata tun safe, mijinta ya yi Kudu da lodin shanu. Surukinta ya shimfiɗa buzu a zaure ya ce shi ba zai fitar da matar wani ba tare da izinin mijinta ba, ko da ɗansa ne. Asibiti kuwa in ka tsaya a bakin titi kana hango rufinsa. Muna tsakar gida muna ta jiƙe-jiƙe har la'asar. Kafin magariba aka kai ta makwancinta, ita da abin cikinta. Garinmu garin direbobi ne da 'yan kara masu fataucin shanu, rabin mazan unguwa kullum suna hanya. Wato duk mai ciki a cikinmu, ranta yana aljihun wani da ke can bayan Lakwaja.

Wa ya fara? Ba ke ba ce, kada ki yi mini murmushin nan naki. Ladi ce. Daga wurin makoki ko gida ba ta koma ba, ta wuce garejin tireloli ta ci ɗamara da mayafinta, ta wanke su tas tun daga direba har mai wankin mota. Aka ce ta haukace. Mijinta ya kusa ba ta takarda. Amma daga ranar maganar ta fita daga ɗakunan mata ta hau benci a majalisar maza. Zaginta suke yi, amma dai maganar suke yi.

Ni kuma abin da Allah ya ba ni na fito da shi. Na ƙaga 'yar waƙa a bakin turmi, wai direba ya bar wa yaron mota izinin canza taya, bai bar wa kowa izinin ceton uwar 'ya'yansa ba, ashe taya ta fi mu tsada. 'Yan mata suka kai ta dandali. Babban mutum ya fito da rawaninsa, sai ya ji 'yar cikinsa tana rera ta tana tafi. Ya doke ta ya zama shi ne direban, ya ƙyale ta ya sha kunya.

Sai ke. Kina zaune a zaurenku da kwalaben humra da turaren wuta, maza suna zuwa saye kafin tafiya. Kina ƙulle wa mutum turarensa, kanki a sunkuye, sai ki tambaye shi a hankali: in Allah ya yi wa iyalinsa rasuwa yana hanya, wa ya wakilta ya tsaya kan jana'izarta? Ya ce wansa, ko ƙanensa. Sai ki ce ashe wanda zai iya sa ta a rami ba zai iya sa ta a mota ba. Ki miƙa masa ƙullinsa ki ce a sauka lafiya. Wannan ce baiwar Allah mai haƙurin tasu! Na ga ƙaton namiji ya fita daga zauren nan ya manta takalminsa.

Ita kuwa Asabe da muke yi wa dariya, tana rawar murya ta ce in mutum ya ba da izini da baki, ya dawo ya ce shi bai ce ba fa? Wa za a kama, wa za a kai gaban alƙali? Muka ce tsoronta ya motsa. Muka kwana muka ga gaskiyarta. Daga tsoron nan aka haifi hula. Mai tafiya ya rataye hularsa a ƙusa saman ƙofar matarsa, gaban shaidu, ma'ana kaina yana nan, in abu ya taso a kai ta asibiti. Ke kika kafa sharaɗin cewa da hannunsa zai rataye, hular da aka ƙwace ba izini ba ce. Liman ma da ya gama dogon nazarinsa ya ce ceton rai yana gaba. Abin ya bi unguwanni, har a wajen garin Fika na ji ana yi. Yau yarinya tana tafiya awo kamar za ta cefane, ba ta san da bakin wa aka share mata hanya ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba, don kada kanki ya kumbura. Kullum ina ce miki hawainiya, ina cewa kafin ki gama jimla ɗaya na aurar da jika. Amma na sani, ba don tambayar nan taki ba, da waƙata dariya kawai za a yi a watse. Sai dai ke ma ki karɓi taki. Kina tsammani haka kawai maza suka riƙa tsayawa suna jin raɗarki? Wutar Ladi ce ta koro su inuwarki. Da ba ta yi haukan ba, da turare kawai za su saya su wuce. Wannan ne masu yabonki ba sa so a faɗa. Sun fi son wadda ta mutu, don ba za ta musa musu ba.

Yanzu ga labarin da ya hana ni sakat. Jikarki Ummi, wadda kika bari tana amarya, ta samu ciki. Da watanni suka ja ƙafafunta suka kumbura kamar an hura, malamar asibiti ta ce jininta ya hau, kada a kuskura ta haihu a gida. Mijinta Sadisu, direban tirela ne shi ma, ya ce shi ba ya rataye hula. Wai canfin tsofaffi ne, wai yanzu zamanin waya ne, in abu ya taso a kira shi. Uwarsa kuma ta ce ita duk 'ya'yanta a bayan ɗaki ta haife su, ko tari ba a ji ba. Ba shi kaɗai ba ne, tun bayan tafiyarki ƙusoshi da yawa sun zama wurin rataye tsintsiya.

Na ce bari in gwada irin taki. Na ɗauki kaskonki na tafi wurin uwar Sadisu, na sunkuyar da kai, na ƙanƙance murya. Yagana, ashe shiru yana da nauyi haka? Kamar na haɗiyi garwashi. Ina cikin daurewa ta ce ai ko marigayiya ba ta shiga sha'anin gidan mutane. Ban san lokacin da na miƙe ba. Abin da na faɗa mata ba zai shiga takardar da ke da sallama a kai ba. Na fito da kasko a hannu, na ce Hajjo, Allah bai yi ki Babarbariya ba, koma kan bakinki.

Ladi ta je gareji da sandarta ta yi abin da ta saba, yaron ya ƙara taurin kai. Asabe kuwa tana can tana lissafa masifu: in cajinsa ya ƙare fa, in yana dajin da ba sabis fa? Ta sa mai keken layinmu ya yi mata alkawarin ba zai yi nisa ba, ta nemo 'yan'uwan da za su ba da jini, ta haɗa jakar haihuwa ta ɓoye ƙarƙashin gadonta.

Ranar kasuwa na sha ɗaurina na nufi kara, inda suke lodin shanu. Jikarki jikata ce, mijin jika kuwa ai mijina ne, wa zai hana ni wasa da shi? Na same shi cikin abokansa yana ba da umarni, na lallaɓa ta baya na fige hular na ɗora kan ɗankwalina. Na ce wa jama'a ga angona nan, zai tafi ya bar ni da tsohon ciki, tsoron rabuwa da hula yake yi don kada a ga ƙaramin kai. Na tayar da tsohuwar waƙar taya. Wallahi tsofaffin direbobi suka amshe ta, ashe ba su manta ba. Ya yi dariyar yaƙe, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Na yi tafiyata da hula. Na san sharaɗinki, ban rataye ba. Na dai san dole ya koma gida ya ɗauki wata.

Sauran labarin daga bakin Ummi na ji. Ashe tun da safe ta samu ƙusa ta kafa saman ƙofarta, ta bar ta haka nan. Sadisu ya shigo a fusace. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe shi ba. Ta miƙa masa jakar tafiyarsa da ƙullin dambun nama, kanta a sunkuye, ta ce tana so ya faɗa mata wanda ya wakilta ya yi mata salla in ba a same shi a waya ba. Yagana, ke kika koya mata? Ta rantse mini ba ta taɓa jin labarin ba. Ashe abin a jini yake.

Bayan azahar sai ga sallama a ƙofata. Angona ne, kai ba hula, ido ya yi ja. Ya durƙusa ya ce in ba shi waccan hular, ita yake so ya rataye. Na so in ja masa rai, sai na tuna ke, na kama bakina. Kin ga na iya na ɗan lokaci. Ya rataye ta da hannunsa gaban Ladi da Asabe, sannan ya hau motarsa.

Abin ya taso da rana tsaka, yana can cikin tafiya. Ummi ta fara ganin duhu, jikinta na karkarwa. Aka kira wayarsa, aka sake kira, matar nan ta cikin waya tana ta ba da haƙuri. Uwarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a jira a same shi. Ladi ta ɗaga sandarta, na ce yau za a yi ta. Sai ta nuna ƙusa kawai. Ladi fa, ba ta ce uffan ba! Matar ta dubi hular ɗanta, ta matsa gefe, har ita ta riƙo mayafin Ummi. Keke yana waje, Asabe tana ciki rungume da jaka tana kuka tana salati.

Aiki aka yi mata. Malamar ta ce da mun ƙara jinkiri da wani zancen ake yi. Ummi ta tashi, tana nan tana shan kunu tana harara ta in na tsokane ta. Mace aka samu.

To masu yabonki su ji da kyau. Ba zan yi shiru ba, Ladi ba za ta yi sanyi ba, Asabe kuma kada Allah ya yaye mata tsoron nan. Duk wanda ya sake ce mini in yi koyi da ke, zan tambaye shi wa ya wakilta, kuma da ƙarfi zan tambaya, a tsakiyar kasuwa. Gobe ma akwai gidajen da zan leƙa, na ga tsintsiya a ƙusarsu.

Ranar suna Sadisu ya ce sunanki za a sa. Na ce ba komai, a bar baiwata ita ma ta samu takwara. Amma Yagana, da kin ji kukan yarinyar nan! Tun daga bakin titi ake jin ta, ta hana layi duka barcin rana. Sunanki ta ɗauka, bakina ta gado. Sai mu ga wanda zai ce mata ta yi koyi da marigayiya.

Allah ya jiƙan ki, ya sa kin huta, ya haɗa mu a inuwa ɗaya. Ki tanadar mini wuri kusa da ke, ki kuma gargaɗi maƙwabta cewa hayaniya tana tafe. Amma kada ki sa ido a hanya tukuna, ina da sauran aiki.

Taki har gobe kiyama,
Hajjo mai baki, uwargijiyarki ta Yindiski